Shi Muke Bi, Ko Gurasarsa?

Yau shirin zai ɗan ja, ku yi haƙuri da ni.

Wata 'yar'uwa ta turo mini saƙo a makon jiya. Ta yarda in karanta, amma ta ce kar in kama suna. Shekararta uku da gama jami'a, babu aiki. Babanta yana kwance, ita ce babba a gidan. A farkon shekara ta yi azumin kwana 21 tare da ikkilisiyarsu, ɗan abin da take samu a sayar da zoɓo tana fitar da zakka da baiko, ba ta fashin addu'ar dare. Ga yadda ta rufe saƙon: "Yaya, ni fa na gaji. In dai bin Yesu ba zai canza komai ba, me nake yi a ciki?"

Kwana biyu na yi ban ba ta amsa ba. Na rubuta na goge, na rubuta na goge. Abu mafi sauƙi shi ne in tura mata "lokacinki yana zuwa" in haɗa da hoton hannu biyu na addu'a, in wuce abina. Amma ni ma an taɓa tura mini irin wannan, na kuma san yadda yake ƙara wa mutum haushi. Don haka na ce bari mu zauna a kan maganar gaba ɗayanmu, don na san ba ita kaɗai ba ce. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 mudun komai ya tashi, matasa da yawa a cikin coci suna da wannan tambayar a zuci, kunya ce kawai ta hana su furtawa.

Ku buɗe Yohanna sura 6. Aya 71 ce, doguwa ce, amma labari ɗaya ne daga farko har ƙarshe, kuma matsalarmu ita ce rabinsa na farko kawai muka haddace tun makarantar Lahadi.

Rabin farkon kowa ya sani. Ana gab da Idin Ƙetarewa, jama'a sun bi Yesu zuwa ƙetaren Tekun Galili. Sunan teku ne dai, amma tabki ne, tsawonsa wajen kilomita 21. Maza kawai kimanin 5,000. Yesu ya tambayi Filibus inda za a sayo abinci, Filibus kuwa irin mutanen nan ne masu lissafi a ka, nan take ya buga ya ce ko dinari 200 ba zai kai kowa ya ɗanɗana ba. Dinari ɗaya ladan lebura ne na wuni guda, wato kuɗin aikin kwana 200 ke nan. Sai Andarawus ya zo da wani yaro mai gurasar sha'ir 5 da kifi 2, shi ma yana kawowa yana shakka. Aka zaunar da mutane a kan ciyawa, Yesu ya yi godiya ya rarraba, kowa ya ci ya ƙoshi, aka tattara ragowa kwando 12. In ka cire tashin Yesu daga matattu, wannan ce mu'ujiza ɗaya tilo da Matiyu da Markus da Luka da Yohanna duka huɗun suka rubuta.

Bari in ɗan tsaya a kan kalmar gurasa. Mu nan in aka ce gurasa sai hankali ya tafi Kano, a yayyafa ruwa, a barbaɗa ƙuli da yaji, a zuba mai, ko a haɗa da tsire. Abin marmari ke nan. A Galili ta wancan lokacin gurasa ita ce tuwo. In babu ita a gida, an kwana da yunwa. Ta sha'ir ɗin ma ta talaka ce, masu hali ta alkama suke ci. To duk inda kuka ji gurasa a surar nan, ku sa tuwon dawa a ranku, za ku fi jin nauyin maganar.

Yauwa. Mutane suka ƙoshi, sai tunani ya zo musu. Mutumin da zai iya ciyar da dubbai da abincin yaro ɗaya, ai wannan shi ya kamata ya riƙe ƙasa. Aya 15 ta ce sun yi niyyar kama shi su naɗa shi sarki ƙarfi da yaji. Ni ban ga laifinsu sosai ba. Mutane ne da ke ƙarƙashin Romawa, haraji ya ci su. A yau ɗan siyasa ya raba shinkafa da taliya mu yi masa layi a rana, balle wanda ba ya buƙatar buhu. Amma Yesu ya zame ya hau dutse shi kaɗai. Da dare almajiransa suka shiga jirgi, iska ta taso, ya same su yana tafiya a kan ruwa. Gari ya waye, jama'a suka duba babu shi, suka shiga jirage suka bi shi har Kafarnahum.

Ku duba ƙoƙarin mutanen nan fa. Sun kwana a waje, sun ƙetare ruwa, suna neman Yesu. In da a cocinmu ne da mun ce waɗannan su ne masu himma, a ba su shugabancin zumuntar matasa. Suka same shi, suka gaishe shi da ladabi, suna tambaya yaushe ya iso. Bai ma amsa tambayar ba. A aya 26 ya faɗa musu a fuska cewa cikinsu ne ya kawo su, sun ci jiya sun ƙoshi, yau sun dawo neman ƙari. Alamar da ya yi tana nuna wani abu, su kuwa sun cinye alamar sun bar abin da take nunawa.

Wannan ayar ta taɓa kama ni da hannu dumu-dumu, bari in ba ku labarin.

Da na gama bautar ƙasa na yi kusan shekara biyu a gida. Takardun neman aiki na raba su kamar katin biki. A lokacin babu wanda ya kai ni zuwa addu'a. Duk inda aka ce ana taron buɗe ƙofofi ina sahun gaba. Akwai wani wurin addu'a da aka ce mu shuka iri, na kwashe ɗan abin da na tara daga alawus na zuba, na dawo gida a ƙafa ina waƙa. Bayan wata biyu wani kamfani ya kira ni ganawa. Na ci jarrabawar farko, na ci ta biyu, har aka tambaye ni yaushe zan iya farawa. Na riga na rubuta shaidar da zan bayar ranar Lahadi a cikin waya, har da inda zan dakata a tafa. Sai shiru. Daga baya na ji an ba wani.

Ban daina zuwa coci ba, don Mama ba za ta bari ba, kuma ni ke kaɗa jita a ƙungiyar mawaƙa. Amma addu'a na daina. Ina tsaye a gaba ina kaɗawa, mutane suna ɗaga hannu, ni kuwa a zuciyata gaba nake yi da Allah.

Cikin wannan hali aka ce jikin Kaka ya yi tsanani a ƙauye, tunda ni ne marar aiki, ni aka tura jinya. Tsohuwar nan ta binne mijinta, ta binne 'ya'ya uku cikin bakwai, ta ga shekarun da aka ci tafasa da rama babu hatsi. Karatu a ajin manya na coci ta koya, tana bin layi da yatsa. Littafinta Mai Tsarki na Hausa bangon ya fita tuntuni, a cikin leda take ajiye shi ƙarƙashin matashi. Lokacin da na je abinci ya daina shiga, sai kunu cokali uku, huɗu, ta kau da kai.

Wata rana da yamma ina ba ta kunun sai ta ƙura mini ido ta ce, "Maigida, me ya same ka?" Haka take kirana tun ina yaro. Na ce babu komai Kaka. Ta ce, "Ƙarya kake. In aka ce a yi addu'a fuskarka kamar ta wanda ya zo karɓar bashi. Allah ya ci maka bashi ne?"

Na yi dariyar yaƙe. Amma gaskiya ta faɗa. A lissafina Allah ya ci mini bashi. Na yi azumi, na ba da kuɗi, na kaɗa masa jita, shi kuwa bai biya ba.

Ba ta yi mini wa'azi ba, ƙarfin ma babu. Ta ce in ciro littafin in karanta mata wurin gurasa, idonta ya daina gani. Na karanta labarin ciyarwar na tsaya, don a nan na saba tsayawa. Ta ce, "Ci gaba mana, ai ba a kai wurin ba." Na ci gaba, na zo aya 26, sai na ji kamar an kira sunana a lasifika. Ashe ni ma jirgi na shiga na ƙetare ruwa, na sha wahala, na yi himma, amma gurasa na biyo.

To mu koma Kafarnahum mu ji yadda hirar ta kaya, don a nan amsar 'yar'uwarmu take.

Yesu ya ce musu su daina kashe kansu a kan abincin da ke lalacewa, akwai wanda yake dawwama har rai na har abada, shi ne kuma zai ba su. Da suka ji haka sai suka yi irin tambayarmu: wane aiki za mu yi? Ɗan Adam ke nan. A ba mu jerin sharuɗɗa, azumi kwana nawa, baiko nawa, mu cika mu zo mu karɓi kayanmu. Amsar da ya ba su a aya 29 gajeriya ce har tana ba da haushi. Aikin da Allah yake so shi ne su gaskata da wanda ya aiko. Shi ke nan.

Ba su ji daɗi ba. Suka ce to ya nuna wata alama, ai kakanninsu sun ci manna a jeji a zamanin Musa. Kai jama'a! Jiya-jiya fa suka ci gurasar mu'ujiza, ko narkewa ba ta gama yi ba. Abin da suke nufi shi ne, Musa shekara 40 ya yi yana ciyarwa, kai sau ɗaya ka yi, in ka isa ka mai da shi kullum. Yesu ya gyara musu tarihi, ya ce ba Musa ne ya ba su ba, Ubansa ne. Sannan a aya 35 ya faɗi maganar da ta raba taron: ya kira kansa gurasar rai, ya ce mai zuwa wurinsa ya rabu da yunwa, mai gaskatawa da shi ya rabu da ƙishi. Suna neman abin da ke hannunsa, shi kuwa kansa yake miƙa musu.

Daga nan maganar ta ƙara zafi. Ya tuna musu cewa waɗanda suka ci mannar nan duk sun mutu. Ku tsaya ku ji wannan da kyau. Abinci ne daga sama, mu'ujiza ce ta kowace safiya, amma masu cinta kabarinsu yana jeji. Wato ko addu'arka ta aiki ta karɓu gobe da safe, ko bizar ta fito, ko auren ya ɗauru, manna ce. Kyauta ce daga Allah, a karɓa a gode, amma ba ta hana mutuwa, ba ta ma hana yunwar jibi. Na san abokaina da suka samu aikin da muke roƙo tare, yanzu addu'arsu ta ƙarin girma ce, da zafin da muka yi ta farko.

Sai ya ce gurasar da zai bayar domin duniya ta rayu naman jikinsa ne, ya yi maganar cin namansa da shan jininsa. Ga Bayahude wannan abin ƙyama ne, Shari'ar Musa ta hana cin jini ƙiri-ƙiri. Mu da muke bayan gicciye mun san inda maganar ta dosa, jikin da za a ba da a kan gicciye ne, jinin da za a zubar saboda zunubanmu ne. Na san ikkilisiyoyi sun bambanta a kan yadda ayoyin nan suka shafi Jibin Ubangiji. 'Yan'uwanmu Katolika suna ganinsa a ciki kai tsaye, wasunmu suna karantawa dabam, ba kuma yau za mu warware wannan ba. Amma akwai abin da kowa zai iya gani da idonsa. Ku ɗora aya 40 kusa da aya 54. Ta farkon ta ce mai ganin Ɗan yana gaskatawa yana da rai na har abada, za a kuma tashe shi a ranar ƙarshe. Ta biyun ta ce mai ci da sha yana da rai na har abada, za a kuma tashe shi a ranar ƙarshe. Alkawari ɗaya ne sak. Ke nan cin nan ba ya rabuwa da bangaskiya. Agustin, bishop ɗin Hippo, garin da yanzu ake kira Annaba a Aljeriya, wanda ya rasu a shekara ta 430, da yake wa'azi a kan surar nan haka ya nuna wa jama'arsa, cewa ba haƙori da tumbi ake shiryawa ba, wanda ya gaskata ya riga ya ci. Mutumin Afirka ne fa, ba daga Turai aka kawo mana wannan fahimtar ba.

Me ya sa Yesu ya zaɓi ci ya kwatanta bangaskiya da shi? Na daɗe ina juya wannan. Abin da na gano shi ne, ci abu ne da ba a yi wa mutum. Mamarka tana iya yi maka addu'a, ta biya maka kuɗin makaranta, ta tuƙa tuwon ta kai maka har ɗaki, amma ba za ta haɗiye maka ba. Da yawanmu a gidan Kirista aka haife mu, sunanmu na Littafi Mai Tsarki ne, an yi mana baftisma, mun san waƙoƙin littafin waƙa da lambarsu. Mun girma a gindin murhu, ƙamshi ya cika mana hanci, har muna tsammani mun ci. Kuma ci yana nufin ka dogara da abin. In ka haɗiye lomar ka gama gardama da ita, ta shiga jini, ta zama kai. Bangaskiya ke nan, ka saki nauyinka gaba ɗaya a kan abin da Yesu ya yi, ka daina riƙe rasit ɗin ayyukanka kana jiran canji.

A nan zan ɗan taɓa mu 'yan waya. Ka ga hoton aya da furanni a Facebook, ka rubuta Amin, ka wuce zuwa bidiyon barkwanci. Ban ce laifi ba ne. Amma wanda ya wuni yana kallon hoton abinci a Instagram da yunwarsa zai kwana. Har shirin nan da kuke ji, ni ɗan talla ne kawai, ina nuna muku inda ake sayarwa.

Sai maganar rai na har abada. Yawancinmu in aka faɗe ta sai mu tuna jana'iza, kamar wani fansho ne da ake fara biya bayan an rufe mutum da ƙasa. Shi ya sa matashi mai shekara 25 yake jin ba ta shafe shi yanzu ba, matsalarsa kuɗin haya ce. Amma ku duba aya 47, ba ta ce mai gaskatawa zai samu ba, cewa ta yi yana da shi. Yanzu. A sura 5 aya 24 ma an nuna mai gaskatawa ya riga ya ƙetare daga mutuwa zuwa rai. A sura 17 aya 3 kuma Yesu da kansa ya fassara ran nan, ya ce sanin Allah na gaskiya ne da sanin wanda ya aiko. Ashe ba tsawon kwana kawai ake nufi ba. Wa ma zai so irin rayuwar nan ta babu wuta, babu ruwa, ga bashi, a ce ta ci gaba har abada? Wani irin rai ne dabam, na zama da Allah a matsayin ɗa a gidan ubansa, yana farawa ranar da ka gaskata, mutuwa kuma ba ta iya katse shi. Sau huɗu a surar nan, aya 39, 40, 44 da 54, Yesu yana maimaita cewa zai ta da nasa a ranar ƙarshe. Mutum ba ya nanata magana sau huɗu a zama ɗaya sai yana so a riƙe ta.

Wannan na gani a wurin Kaka. Jikinta ya ƙi abinci, kullum tana raguwa, amma babu tsoro a tare da ita ko kaɗan. Matan zumunta suka zo gaishe ta suna share hawaye, ita ce take tsokanarsu, wai wadda ta ci bashin gishirinta ta biya kafin ta tafi. Da muka kai aya 37, inda Yesu ya ce ba zai kori mai zuwa wurinsa ba, sai ta ɗaga yatsa ta ce in sake karantawa. Na sake. Ta ce, "To ka ji." Ba ta ƙara komai ba. Bayan kwana 12 ta rasu, da asuba, ina riƙe da hannunta. Matar da ba ta taɓa riƙe dubu hamsin tata ta kanta ba. Ni mai digiri na zauna kusa da gawar na san cewa a cikinmu biyu ni ne mayunwacin.

Kar wani ya ɗauka labarin zai ƙare da cewa ina dawowa gida aka kira ni aiki. Ba a kira ni ba. Sai bayan wata takwas na samu koyarwa a wata ƙaramar makaranta, albashin ba ya kai ƙarshen wata. Abin da ya canza shi ne na daina zuwa wurin Allah da takardar bashi. Na koma karanta Yohanna kaɗan-kaɗan da safe kafin in taɓa waya, wata rana aya biyar, wata rana in karanta ban ji komai ba. Dā in ban ji komai ba sai in ce bai yi aiki ba. Amma tuwon da ka ci ranar Talatar makon jiya, ka tuna ɗanɗanonsa? Ba ka tuna ba, ga shi kuwa shi ya kawo ka yau. Ita ma mannar, in kun duba Fitowa sura 16, kullum da safe ake fita a tsinta, awo ɗaya ga kowane mutum. Wanda ya yi wayo ya ɓoye ta gobe, ya tashi ya tarar ta yi tsutsa tana wari, sai dai ranar shida da ake ɗibar ta kwana biyu saboda Asabar. Ba a cin na wata guda a taron farkawa ɗaya. Kuma a Littafin Ƙidaya sura 11 mutanen sun gaji da ita, suka fara kewar kifi da albasa da tafarnuwar Masar, ƙasar da aka bautar da su. In ka ji karatun Littafi Mai Tsarki ya gundure ka, tsohuwar rayuwa tana yi maka ƙamshi, ba kai ne farau ba.

Yanzu wani zai ce, malam, duk mun ji, amma aya ba ta sayen magani. Gaskiya ne. Kuma ina so a lura, Yesu bai yi wa mayunwata wa'azin gurasar rai ba sai da ya fara cika musu ciki. A Markus sura 6, da almajirai suka ce a sallami jama'a kowa ya je ya nema, shi ne ya ce su su ba su abinci. Yakubu sura 2 kuma ta yi kaca-kaca da mai ganin ɗan'uwa ba sutura ba abinci ya sallame shi da fatan alheri. Saboda haka duk cocin da zai karɓi zakkar mai sayar da zoɓo, babanta yana kwance, babu dattijo ɗaya da ya taka ya je ya ga yadda suke kwana, a ganina wannan cocin yana da tambayar da zai amsa. Roƙon abinci ba zunubi ba ne, yana cikin addu'ar da Ubangiji ya koya mana. Inda muke zamewa shi ne mu mai da shi ma'aunin ko Yesu ya cancanci a bi shi.

Ƙarshen surar ba daɗi. Aya 59 ta ce a majami'ar Yahudawa ta Kafarnahum ya yi wannan koyarwa. Har yau masu ziyara suna ganin kangon wata majami'a ta farin dutse a wurin, wadda aka gina ɗaruruwan shekaru bayan haka. Da ya gama, ba maƙiya ba, almajiransa da yawa suka ce maganar ta yi tsauri, suka juya suka daina tafiya da shi. Jiya dubbai, yau ana ƙirga su da yatsa. Bai bi su yana cewa ku dawo za a sake rabo ba. Ya juya ga sha biyun ya tambaye su ko su ma tafiyar za su yi.

Bitrus ne ya amsa, kuma ina ƙaunar amsar don babu cika baki a cikinta. Bai ce ya gane komai ba. Ina kyautata zaton shi ma maganar nama da jinin ta daure masa kai. Abin da ya ce kawai shi ne, in sun tafi wurin wa za su nufa, alhali maganar rai na har abada tana wurin Yesu. Amsar mutumin da ya leƙa ko'ina ya dawo ke nan.

To 'yar'uwata, na san kina ji. Ba zan ce miki aiki yana zuwa wata mai kamawa ba, ba a nuna mini ba, wanda kuma ya ce miki ki ƙara kuɗi a buɗe miki ƙofa ki riƙe kuɗinki ki sayi maganin Baba. Gajiyarki ba zunubi ba ce, ki faɗa wa Allah ita yadda kika faɗa mini, Zabura cike take da masu irin wannan kuka. Azuminki bai sa Allah ya ci miki bashi ba, shirun da kike ji kuma ba kora ba ce, aya 37 tana nan. Tambayar da kika yi mini, me kike yi a ciki, ni ba zan iya amsa miki ita ba, don tambayar da Yesu ya yi wa sha biyun ce ta dawo ta bakinki. Ki zauna da surar nan a makon nan, ki karanta har aya 71, kar ki tsaya a kwando 12 kamar yadda na yi shekara da shekaru. In kin gama ki rubuto mini abin da kika gani, ko da faɗa ne.

Ku kuma sauran, 'yar'uwar nan lissafin kuɗi ta karanta, ta iya kwamfuta, ta ce ko aikin kanti ne za ta yi. Wanda ya san inda ake neman mutum ya turo saƙo ta akwatin shafin nan, zan haɗa ku. Mako mai zuwa in Ubangiji ya kai mu za mu shiga Yohanna sura 4, matar da ta zo ɗiban ruwa da tsakar rana. Ku zo da tambayoyinku.